Kai na Uku a Allon Aski

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Legas lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin da za ki kama. Innarki tana gaishe ki. A daidai lokacin da nake rubutun nan tana tsakar gida tana ƙulla miki kuka da daddawa, sai ka ce an gaya mata a Legas ba a yin miya.

Da gangan na cusa takardar a ƙasan jakarki, don kada ki gan ta sai mota ta yi nisa. Kin san halina, buroshi ya fi bakina iya magana. Sau uku a makon nan ina kiran ki zaure da niyyar faɗa miki abin da ke raina, sau uku kuma ina ƙarewa da tambayar ko kin ɗauki cajar waya.

Kin samu aiki a gidan da ake baje kolin zane-zane, kuma kin ce aikin farko da za a ba ki shi ne rubuta 'yan katunan nan da ake liƙawa a gefen kowane zane, masu faɗin wanda ya yi shi da inda aka yi shi. Cikin kayan da za a baje har da wani tsohon allon shagon aski mai shuɗin fenti da kawuna shida, wanda aka rubuta "Sabo mai fenti" a ƙasansa. Ranar da kika nuna mini hotonsa a waya har tsalle kike yi. Kika ce, "Baba, ga ka nan ma ka zana kanka, kai na uku! Ni zan rubuta sunanka a kati da hannuna." Na yi shiru, kika ɗauka daɗi ne ya toshe mini baki. Ba daɗi ba ne, Ummi, kunya ce. Ba ni na zana allon nan ba. Sunan da ke jiki nawa ne, aikin na wani ne, kuma ba na so hannunki ya maimaita ƙaryar da hannuna ya yi.

Ki zauna ki karanta a nutse. Zan bi da ke ta doguwar hanya, domin ban faɗa wannan rami da tsalle ɗaya ba, da kaɗan-kaɗan na gangara.

Wanda ya zana allon shi ne Oga Bonifas, maigidana da ya koya mini sana'a. Ba ki san shi ba, ya rasu kafin a haife ki. Ɗan ƙabilar Ibo ne, Kirista, haifaffen Sabon Gari, kuma Hausar bakinsa ta fi tawa gishiri. Shagonsa ɗan ƙarami ne, ƙofa ɗaya, kullum yana warin fenti da kananzir. Na je wurinsa ina saurayi mai ji da kansa, don 'yan unguwa sun ce na iya zane. A zamanin babu injin buga hoto a kan leda. Mai aski, mai gyaran rediyo, mai sayar da abinci, direban babbar mota, kowa wurinmu yake zuwa in yana so a san da shi. Ba mu taɓa jin ana kiran abin da muke yi fasaha ba. Aiki muke kiransa.

Kuskurena na farko raini ne. Akwai Alhaji Lasisi, Bayarabe mai shagon aski a nan Fagge, mutum mai fara'a da zolaya. Ya kawo aikin allo, Oga ya ce in gwada. Na zage na zana samari uku suna kallon gaba, idanu na ƙyalli, haƙora farare tas. Ni a raina na gama da duniya. Alhaji Lasisi ya zo ya tsaya, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, sannan ya ce, "Sabo, wannan ai hoton fasfo ne. Ni da ƙeya da gefen kunne nake aiki. Mutum in ya zo aski yatsa yake miƙawa ya ce irin wannan nake so. To a nan me zai nuna mini, hanci?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da ya tafi na ce wa Oga mutumin nan bai san zane ba. Oga bai ko ɗago daga gwangwanin da yake motsawa ba, ya ce, "Shi bai san zane ba, kai kuma ba ka san aski ba. To allon a ƙofar wa za a rataye shi? Tashi ka je shagonsa ka wuni, ka ga yadda ake zaɓar aski." Na je ina ƙunƙuni. Kafin la'asar na gane cewa allon mai aski ba ado ba ne, yana yi wa mai shago magana ne da wanda bai san sunan askin da yake so ba. Ranar Alhaji Lasisi ya yi mini aski mai tsaga a gefe, ya ce tukuicin zaman gadi ne.

To ke da za ki riƙa rubutu a kan zane, ki riƙe wannan. Kada ki tsaya a kan mai zane kaɗai. Ki tambaya wa ya sa aka yi, me yake so ya yi da shi, su wa suke wucewa ta gabansa. Duk kan da kika gani a juye a allon aski, akwai wani Alhaji Lasisi da ya juya shi. Na ji yadda kuke magana ke da ƙawayenki na jami'a, kamar mai zane shi kaɗai yake zaune da tunaninsa a ɗaki. Mu dai ba mu taɓa zane mu kaɗai ba, kullum akwai wani a tsaye a bakin ƙofa yana cewa a ƙara ja.

Aikin da na ɓata shi Oga ya karɓa ya yi da kansa. Shi ne shuɗin allon naki. Ya yi shekaru a ƙofar Alhaji Lasisi, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi.

Da Oga ya rasu, matarsa Madam Rejina ta kira ni ta ba ni mabuɗin shagon. 'Ya'yansu babu mai sha'awar fenti. A bayan shagon akwai tarin tsofaffin alluna na hannun Oga, waɗanda masu shaguna suke dawo da su in sun sake sabo. A sana'armu shafe tsohon allo da farin fenti a sake aiki a kai ba laifi ba ne, katako ba ya samuwa a banza. Amma Oga yana da ƙa'ida. Ba ya shafe aikin wani sai ya fara kwafe shi a littafinsa, ko da aikin wanda ba sa ga maciji da shi ne. Yakan ce mutum ya ɓata yini a kan abin nan, a bar masa shaida.

Ana nan sai maganar halaccin zanen abu mai rai ta yi zafi a unguwa. A majalisarmu ta bakin titi in na zo sai a yi shiru, wani ya yi gyaran murya, wani ya ce, "Malam Sabo, har yanzu ana nan ana ta kawunan mutane?" Abin ya dame ni. Wata safiya na buɗe babban gwangwanin fari na bi allunan Oga ɗaya bayan ɗaya na shafe su. Ban kwafe ko ɗaya ba. Akwai wata mai tuwo da ya zana tana murmushi da ludayi a hannu, har yau in na rufe ido ina ganin yadda farin ya bi ta fuskarta.

Ki fahimce ni da kyau a nan. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake ba ki ba. Maganar hoto magana ce ta addini, ki kai ta wurin masu ilimi ki ji, ki yi aiki da abin da zuciyarki ta nutsu da shi tsakaninki da Ubangijinki. Na san masu zanen da suka bar zana fuska don Allah suka koma rubutu da zayyana, ina ganin girmansu har gobe. Laifina ni shi ne ban je wurin malami ko ɗaya ba. Ba tsoron Allah ne ya ba ni buroshin nan ba, tsoron gyaran muryar 'yan majalisa ne. Shaida kuwa ita ce ko wata biyu ba a yi ba na ci gaba da zana kawuna, sai dai na koma yi a bayan shago. Idan za ki bar abu, ki san don wa kika bar shi. Idan kuma kin tarar a tarihin wani mai zane ya sauya hannu farat ɗaya, kada ki yi saurin yanke masa hukunci, ki nemi sanin wa yake zaune a bakin titinsu a lokacin.

Daga baya injin buga hoto ya shigo gari. Abin da nake kwana uku ina yi, sai a buga shi kafin mutum ya gama shan shayi. Ba na zagin injin, ya rufa wa mutane da yawa asiri, amma mu ya kwashe mana ƙafa. Alhaji Lasisi ya tsufa, 'ya'yansa suka rataya leda mai kawunan 'yan ƙwallon ƙasashen waje. Shi da kansa ya ɗauko shuɗin allon a adaidaita ya kawo mini. Ya ce, "Sabo, karɓi, na gidanku ne. Yaran nan so suke su hura wuta da shi." Na jingine shi a bayan gwangwanaye. Shi kaɗai ya rage daga hannun Oga, shi ma don ba ya nan ranar da na yi ɓarnata.

Lokacin kina firamare wani mutum ya fara zuwa daga Legas, mai farin gilashi da sanyin murya, yana neman tsofaffin alluna. Ba zan ɓata shi ba, mutumin kirki ne, kuma son abin yake yi da gaske. Shi ne mutum na farko da na ga ya durƙusa a gaban allon aski yana kallo kamar mai karatu. Sai dai tsoho yake so, wanda ya koɗe. Tsofaffin kuwa na riga na shafe su. Sai na shiga zana sababbi ina hawa da su saman kwano su sha rana da ruwan damina, in goga musu toka da baƙin mai. In na yi hannun mutum daidai sai ya wuce shi, in hannun ya ɗan karkace sai ya ce, "Yauwa, wannan shi ne na asali." Ni da Oga ya sa na yi wata guda ina jan miƙaƙƙen layi kafin ya bar ni in taɓa fuska, sai ga ni ina karkata hannu da gangan don a ce na asali ne.

Wannan ma darasi ne gare ki, tunda cikin masu tara zane za ki zauna. Mai saye yana da buroshi shi ma, ko da bai taɓa riƙe shi ba. Abin da idonsa yake so shi hannun mai zane yake komawa yi, musamman in akwai yara a gida. Kada ki raina mai zanen da ya bi, kada kuma ki yarda cewa duk abin da ya karkace shi ne namu na gargajiya. In kin ci karo da alluna masu sunana a can, duba ramin ƙusa. Allon da ya yi shekaru a ƙofar shago ramin ƙusarsa yana da tsatsa, gindinsa kuma ya kumbura saboda feshin ruwan sama. Nawa na saman kwano ba su da ko ɗaya. Ki faɗa wa masu gidan, ba sai kin rufa mini ba.

Yanzu ga babbar. Wata rana mutumin nan ya hango shuɗin allon a bayan gwangwanaye. Ya jawo shi bakin ƙofa wurin haske, ya tsaya kallonsa har na gaji da tsayuwa. Sannan ya ce, "Malam Sabo, duk shagon nan babu kamar wannan. Wa ya yi shi?"

Shekara da shekaru ina sana'ar nan, ba a taɓa kallon aikina haka ba. Na so a ce ni ake wa wannan kallon, ko sau ɗaya. Ba yunwa ba ce ta sa ni, kada ki nema mini wannan uzurin, ranar akwai abinci a gida. Na buɗe baki na ce, "Ni ne." Ya yi murna, ya ce in wanke masa shi in sa sunana, zai dawo gobe, wai zane mai suna ya fi daraja.

Da na sa tsumma da ruwa ina wankewa, sai ga sunan Oga ya fito a kusurwar ƙasa ta dama, da 'yan ƙananan haruffa, yadda ya saba sa shi kamar mai jin kunya. Datti ne ya rufe shi. Allah Ya ba ni dama ta biyu a fili, na gan ta da idona. Na zauna na haɗa shuɗi har ya zo daidai da na Oga, shi ne ma ya koya mini haɗin. Na shafe sunansa, na jira ya bushe, na rubuta nawa a kai. Washegari mutumin ya dawo ya saye shi ya tafi da shi Legas. Ke kin san ko sunanki na yanka ba na iya kamawa, saboda sunan mahaifiyata ne, shi ya sa kika tashi Ummi. Mutumin da ya san girman suna har haka shi ne ya yi wannan aiki.

Ranar Litinin da ta wuce, da kika ga na sa babbar riga bayan azahar na ce zan je gaisuwa, Sabon Gari na tafi wurin Madam Rejina. Rabona da ita an daɗe, kuma yanzu kin san dalili. Na same ta a shagon 'yarta tana zaune a kujerar roba, ta tsufa sosai amma idonta garau. Ta ce, "A'a, Sabo ɗana, yau hanya ta tuna da mu?" Na durƙusa na gaishe ta, ban tashi ba sai da na faɗa mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Kullum yana cewa a rubutu hannunka ya fi nasa. Ashe a kan sunansa za ka gwada."

Ummi, da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na yi kuka a gaban mutane, da furfurata. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce wa 'yarta ta kawo takarda da biro. Ta rubuta cikakken sunansa da hannunta, a hankali, harafi bayan harafi. Ta miƙo mini ta ce, "Ka ba 'yarka. Ka ce mata kada ta rage ko ɗaya." Ita ce 'yar takardar da kika gani a naɗe a cikin wannan.

Na san abin da nake ɗora miki. Kin gaya wa masu gidan cewa ke 'yar mai allon ce, sun yi murna, wataƙila ma hakan ya taimaka suka ɗauke ki. Yanzu a makonki na farko za ki je ki ce musu mahaifinki ya yi ƙarya. Wasu za su canza miki fuska, ban ce ba za su yi ba. Na auna wannan kwana da kwanaki, har na ce bari in yi shiru don kada in ɓata miki farkon aiki. Amma aikin naki gaba ɗaya shi ne faɗin wa ya yi me. In katinki na farko ƙarya ne, da wane ido za ki rubuta na biyu? Ki je wurin shugabar wurin tun kafin a buga katunan, ki faɗa mata a tsaye, ba da rawar murya ba. Laifin nawa ne, ki ɗora mini shi duka, in suna so su ji daga bakina ki ba su lambata. Kada ki sa farce ki kankare fentin da kanki, akwai masu sanin yadda ake duba abin da ke ƙarƙashi. In ma sun ga a bar sunana a jiki a bayyana abin da ya faru, na yarda. Shi ma yana cikin tarihin allon.

Sauran nasiha kaɗan ce, Innarki ta riga ta cika miki kunne da mafi yawanta. Ki tsare sallarki a kan lokaci ko da manyan baƙi sun cika wurin. Ki ci abinci, kin san yadda kike mantawa in kin sa kai a littafi. Kafintocin da za su rataya zanen da masu share wurin, ki gaishe su, ki tambayi sunayensu ki riƙe. Masu tara zane za su yi miki fara'a, ki karɓa da ladabi, amma kada idonki ya koma nasu har ki manta da naki.

Saura maganar kai na uku. A nan ba ki yi kuskure ba, ni ne. Askin nan mai tsaga da Alhaji Lasisi ya yi mini ne ya burge Oga, ya ce in hau benci in juya masa gefe. Kwana biyu ina zaune yana daka mini tsawa in daina motsi. In kin je gaban allon, matsa kusa ki duba bayan kunnen. Akwai ɗan tabo, na faɗuwar da na yi daga keke ina yaro. Ni ban taɓa ganin tabon nan da idona ba, mutum ba ya ganin bayan kunnensa. A allon na fara sanin kamanninsa. Wanda ya zauna a bayanka ya dube ka da kyau shi kaɗai zai iya sa shi, kuma shi ne mutumin da na shafe.

Don haka ki rubuta sunan Oga a katin, cikakke, yadda matarsa ta rubuta. In wuri ya ragu a ƙasa, kina iya ƙarawa cewa kai na uku wani Sabo ne da ya koyi aiki a wurinsa. Wannan kam gaskiya ce, kuma ta ishe ni.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki ƙarfin zuciyar da mahaifinki ya rasa a ranar da ya buƙace ta. Allah Ya sa ki gama da duniya lafiya, Ya dawo mana da ke cikin aminci. In kin karanta, ki kira Innarki ki ce kin sauka. Ni ba sai kin nemi a ba ni wayar ba, sai ranar da kika ji za ki iya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Sabo